Wasannin dabarun yaƙi: yadda ake cin su, da abin dubawa kafin a biya kuɗin wanda bai fito ba

A watan Agustan 2025, a bikin baje kolin wasannin bidiyo na Gamescom da ake yi duk shekara a birnin Kolon na Jamus, aka sanar cewa wasan yaƙi na Dawn of War IV zai fito a 2026. Bidiyon tallan gajere ne, amma ya isa ya ta da ɗokin masoya irin wannan wasa a ko'ina, har da 'yan ƙalilan ɗin da muke da su a nan New Bell. Ƙalilan ne kuwa, domin duk wanda ya leƙa ɗakunan wasa na unguwa ya san ƙwallo ce ke mulki: yara biyu, manet biyu, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri. A waya kuma Free Fire ne da Call of Duty. Masu zama gaban kwamfuta su gina gari su tara runduna ba su da yawa a Douala, amma in suka fara gardama kan wasan da ke tafe, sai ka rantse sun riga sun buga shi.

Ana taƙaita sunan irin wannan wasa da haruffa uku, RTS, wato wasan dabarun yaƙi da ake bugawa kai-tsaye. Mai son gane shi ya kwatanta shi da dara. A dara kana ɗaga ɗanka ka ajiye, sannan ka jira abokin karawarka ya gama tunani. A RTS babu mai jiran wani. Kana sarar itace, shi yana haƙar zinariya. Kana tunanin inda za ka kafa kasuwa, dawakansa sun riga sun kama hanyar garinka. Wasan Dune II na 1992 shi ya kafa wannan tsari, sai Warcraft a 1994, Command & Conquer a 1995, Age of Empires a 1997 da StarCraft a 1998 suka bi sawu.

Tattalin arziki kafin takobi

Bidiyon talla kullum yaƙi yake nunawa, wuta da ƙura da rushewar ganuwa. Amma yawancin wasannin tun kafin a zare takobi ake cin su ko a faɗi. Ɗauki Age of Empires II na 1999, wanda har yau ake gasa a kansa. Yawancin al'ummomin cikinsa suna farawa da talakawa uku da ɗan leƙen asiri ɗaya a kan doki. Kowane sabon talaka yana cin abinci 50, kuma yana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ya fito daga cibiyar gari. Ke nan in ka shagala ka bar cibiyar ba ta fitar da kowa na minti ɗaya, ka yi asarar ma'aikata biyu da ɗoriya, tare da duk abin da za su tara maka har ƙarshen wasa. Gida ɗaya kuma mutum biyar yake ɗauka, itace 25 ne kuɗinsa. Wanda ya manta gina gida a kan kari, komai yawan hatsinsa ba zai ƙara ko mutum ɗaya ba. Shiga zamani na biyu na buƙatar abinci 500, na uku abinci 800 da zinariya 200. Lissafi ne na aji shida a firamare, sai dai ana yin sa ne ana gudu.

Shi ya sa ƙwararru, idan iyakar jama'a 200 ce, sukan ware kusan rabi ko fiye ga noma da sara da haƙa. Sabon shiga yana ganin wannan ɓata wuri ne, sai ya tsaya a talaka ashirin ya zuba komai a sojoji. Zai iya cin karon farko, amma ba shi da abin maye gurbin waɗanda suka mutu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Daga nan hanya ta kasu uku. Akwai mai sammako, wanda ke tura 'yan mayaƙa kaɗan tun da wuri, ba don su rusa gari ba, sai don su kashe masu sarar itace su hana ka sakat. Akwai mai kiwo, wanda ke ƙara cibiyoyin gari yana tara dukiya, da niyyar ya fito daga baya da rundunar da ba ta tsayuwa. Akwai kuma mai halin kunkuru, wanda ke kewaye kansa da ganuwa da hasumiya. Mai sammako yakan cinye mai kiwo tun bai yi ƙiba ba. Kunkuru yakan gajiyar da mai sammako. Mai kiwo kuma ya bar kunkuru cikin ganuwarsa, ya mamaye duk ma'adinan fili, ya dawo da manyan makamai.

To yaya za ka san wanne ke gabanka? Nan ne aikin dokin nan guda da aka ba ka tun farko. Taswirar wasan a rufe take da duhu, kamar hazon hunturu a arewa, ba ka ganin komai sai inda mutanenka suke tsaye. In ɗan leƙen asirinka ya hango abokin gaba ya tura mutane wajen zinariya da wuri kuma ya gina wurin horar da maharba, ka san kibau na tafe. In bargar dawaki ya gani, ka tanadi masu mashi, domin mashi ke maganin doki, doki ya tattake maharba idan ya cim musu, maharba kuma su zubar da sojan ƙasa tun daga nesa. Ana yawan zancen saurin hannu, kuma gaskiya ne ƙwararrun StarCraft a Koriya ta Kudu sukan ba da umarni 300 ko fiye a minti ɗaya. Amma a matakin da mu muke bugawa, wanda ya ga abin da ke zuwa minti biyu kafin ya iso ya fi mai saurin yatsu.

Hausawa a cikin wasa

Abin da yawancin matasanmu ba su sani ba shi ne, akwai RTS da ake buga shi da Hausawa. A watan Agustan 2021 aka ƙara wa Age of Empires III: Definitive Edition wani sashe mai suna The African Royals, da al'ummomi biyu, Hausawa da Habashawa. Birnin Hausawa a wasan Kano ne, jagorarsu Sarauniya Amina, kuma idan ka ba mutanenka umarni da Hausa suke amsa maka. Akwai ma babi guda a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na farkon ƙarni na 19.

An yi ƙoƙari, kuma an yi kwaɓa. Amina ta Zazzau ce, ba ta Kano ba, ko ɗan aji uku ya san wannan. Babban sojan bindiga an sa masa suna Maigadi, kalmar da muka aro daga Turanci bayan zuwan Turawa, alhali ga dogari, ga ɗan bindiga. Maroƙi kuma sunansa na Faransanci aka bar masa, Griot. Amma barden lifidi sun dace da shi sosai. Lifidi rigar auduga ce mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa don tare kibiya, irin wadda ake gani a hawan salla a Kano da Katsina da fadodin lamidai na arewacin Kamaru. A wasan ma haka yake: yana da wuyar kashewa, amma saransa ba shi da ƙarfi. Aikinsa ya tsaya gaba ya sha duka, maharban Fulani su yi ɓarna daga bayansa. Wanda ya tura lifidi su kaɗai kan masu mashi ya zubar da dukiyarsa.

Tattalin arzikinsu ma daban ne. Bayan abinci da itace da kuɗi, suna da dukiya ta huɗu, wato faɗa-a-ji, wadda ake tarawa ta hanyar gina jami'a kusa da fada ko zangon fatake, a yi hayar mayaƙa da ita. Suna kiwon shanu, kuma sai saniya ta yi ƙiba take yin daraja a kara. Sayar da ita da wuri don fita daga matsi, ko haƙuri har ta cika? Duk ɗan da ya tashi a gidan dillalin dabbobi a Unguwar Hausawa ya ji wannan muhawara tun kafin ya san kwamfuta.

Cinikin biri a sama

Wannan wasa dai shi ne misali mafi kusa na yadda alkawarin kamfani ke tashi a banza. A farkon 2024 masu shi suka sanar da ƙarin al'ummomi biyu daga Turai, 'yan Folan da 'yan Denmak. Masoya suka yi shekara guda suna hasashen irin sojojin da za a ba su. A Janairun 2025 aka ce an fasa.

Ba su kaɗai ba ne. A 2018 kamfanin Blizzard ya nuna sabon fasalin Warcraft III da hotuna masu ɗaukar ido, mutane suka biya tun kafin ya fito. Da ya fito a Janairun 2020, abubuwa da dama da aka nuna babu su, har sai da kamfanin ya buɗe ƙofar mayar da kuɗi. Stormgate kuma tsofaffin ma'aikatan Blizzard ne suka yi shi, aka riƙa kiransa magajin StarCraft, masoya suka tara masa fiye da dala miliyan 2 a shafin Kickstarter. An buɗe shi ga jama'a a Agustan 2024, cikin 'yan watanni masu buga shi suka watse. Age of Empires Mobile na Oktoban 2024 shi ya fi jan hankalin masu waya, amma suna kawai ya gada: gini ne da jiran agogo, mai kuɗi ya biya ya tsallake jiran. Ba a taru an zama ɗaya ba. Tempest Rising, da ya fito a Afrilun 2025, ya samu karɓuwa, kuma masu shi sun saki samfurin gwaji kyauta tun kafin su nemi kuɗin kowa ya tabbata a aljihunsu.

Bidiyon talla ba ya amsa tambayoyin da suka dami ɗan wasa a Douala. Ba ya faɗa maka ko tsohuwar kwamfutar da ka saya a Akwa za ta ɗauki wasan, alhali sababbin RTS suna nuna ɗaruruwan sojoji lokaci guda, abin da ke durƙusar da ƙaramar na'ura daidai lokacin da yaƙi ya yi zafi. Ba ya faɗa maka nauyinsa, wanda kan kai gigabait gommai, ban da gyare-gyaren da za a riƙa saukewa bayan fitowa, duk a kan datar da ka saya. Ba ya faɗa maka ko ana iya buga shi ba intanet. Wasa ɗaya kuma yakan ci minti talatin zuwa awa guda, in aka ɗauke wuta a tsakiya an rubuta maka faɗuwa. Abu ɗaya da ke taimakonmu shi ne, yawancin RTS umarnin 'yan wasa kawai suke aikawa ta intanet, ba hotuna ba, don haka bugawar kanta ba ta cin data sosai. Tsayayyen layi take so, ba mai faɗi ba.

Wanda ya ƙudurta saye a Steam ya san ƙa'idarsu: ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga fiye da awa 2 ba. Amma in ta hannun dillali ka sayi lambar wasan, ka tura masa kuɗi ta Orange Money ko MoMo, wannan ƙa'ida ba ta shafe ka ba, tsakaninka da shi ne. Mai son koyo kawai kuma ba sai ya kashe ko sefa ɗaya ba. Tun 2023 akwai sashen Age of Empires III da ake saukewa kyauta, inda ake juya al'ummomin da za ka iya zaɓa lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma 0 A.D., wanda 'yan sa-kai suka gina kuma suke rabawa kyauta, da daular Kush ta bakin kogin Nilu a cikin al'ummominsa. Mutum ɗaya ya sauke shi, sauran su kwafa a kebul, a haɗa kwamfuta biyu da waya ɗaya a ɗaki, a kara ko da babu intanet.