Zauren Kwamfuta: Wa Ya Shirya Maka Shi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san darajar zaure. Nan maigida ya ke shimfiɗa buzunsa, nan ya ke ajiye allo da tawada, nan kuma baƙo ya ke tsayawa ya yi sallama. Ba mu taɓa jin maigidan da ya bar wani baƙo ya shirya masa zaure ba, ya kafa masa tallar da ya ga dama a bango, shi kuwa yana kallo. Amma ga shi a ofisoshinmu da makarantunmu abin da a ke yi ke nan kowace safiya, ba wanda ya ce uffan.

Zauren da mu ke nufi shi ne shafin nan da ya ke fara bayyana sa'ad da akawu ko malamin makaranta ya buɗe burauza, watau manhajar da a ke shiga intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge. In mutum ya danna Ctrl da T tare, sai sabon shafi ya buɗe. Kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, idonsa ya riga ya faɗa kan abin da aka jera masa a ciki.

Asalin Abin

Da fari sabon shafi fari fat ya ke fitowa, ba kome a kansa. A 2007 kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya raba shi gida tara, don mutum ya sa wuraren da ya fi so, ya riƙa shiga da dannawa guda. A 2008 Google ya fito da Chrome, nasa shafin yana nuna wuraren da mutum ya fi zuwa. Firefox ya bi sahu a 2012. Daga nan masu ciniki suka farga, suka ga ashe wannan fili ne mai tsada, gama ba wurin da idon mutum ya ke yawan komawa kamarsa. Shi ya sa wanda ya buɗe Edge bai sāke kome ba ya kan tarar da labaru da talla jere, Firefox kuma ya kan sa waɗansu wuraren da aka biya kuɗi don a nuna su.

Kada a ɗauka ƙaramin ciniki ne. A shari'ar da Gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya kamfanin Apple dala biliyan 20, domin ya zama shi ne mai nema na farko a burauzar Safari. To, wanda ya ba da wannan dukiya don ya tsaya a bakin ƙofa, lalle ya san abin da ƙofar ta ke kawowa.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji huɗu. A ce akawu yana buɗe sabon shafi sau 30 a yini, kowane buɗewa kuwa wani labarin ƙwallo ko na 'yan fim ya ɗauke masa hankali minti ɗaya. Rabin sa'a ke nan a yini, sa'a biyu da rabi a mako, ban da kuɗin data da hotunan nan su ke ci. Takardar wani talaka tana kan tebur tana jira.

Yadda A Ke Sāke Shi

Hanya biyu ce. Ta fari ba ta bukatar kome sai duba saitin burauza. A Edge akwai alama kamar haƙorin inji a kusurwar shafin, inda a ke kashe labaru. A Firefox a na iya cire wuraren talla. A Chrome mutum na iya share gajerun hanyoyin da aka sa masa, ya jera nasa. Ga yawancin ma'aikatanmu wannan ya wadatar, muna kuwa ba da shawara a fara da ita.

Ta biyu ita ce sa ɗan ƙari, abin da masu sana'ar su ke kira ekstenshin. Ƙaramar manhaja ce da a ke liƙa wa burauza don ta yi abin da ba ta zo da shi ba. Chrome ya buɗe wa 'yan ƙari ƙofa a 2010, a ƙarshen shekarar kuma aka buɗe kantinsu, Chrome Web Store. A cikin kowane ɗan ƙari akwai wata 'yar takarda mai suna manifest.json, wadda ta ke gaya wa burauza sunansa da abin da ya ke neman izni a kai. In takardar ta ce shi zai riƙe sabon shafi, sai burauza ta ajiye nata ta nuna nasa. Ɗaya kaɗai ya ke iya riƙe shafin a lokaci guda.

Daga cikin sanannu akwai Momentum, mai nuna hoto da agogo, yana tambayar mutum babban aikinsa na yau, ya bar amsar a gabansa har yamma. Akwai Tabliss, wanda kyauta ne, rubutun da aka gina shi da shi kuma a fili ya ke, kowa na iya dubawa. A lura, Chrome na wayar Android ba ya karɓar 'yan ƙari. Maganarmu ta kwamfutar ofis ce da ta makaranta.

Abin Da Ya Dace Da Zauren Bahaɗeje

Ga inda maganar ta shafe mu. Wanda ya shirya shafin a Amurka bai san Auyo ba, bai san Guri da Kirikasamma ba. Mu muka san abin da ya ke hana mu barci.

Na fari, ruwa. Kogin Haɗeja daga wajen Kano ya ke gangarowa, tun da aka gina dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 kuwa tafiyarsa ta sāke. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a fadamun da su ke tsakanin Haɗeja da Nguru, har ya zama in ruwa ya yi yawa sai ya nemi hanya ta gonaki da gidaje. Mun ga abin da ya faru a 2020, mun kuma ga na 2022, sa'ad da shinkafa ta nutse a gona, mutane suka kwana a azuzuwan makarantu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya, tana ambatar ƙananan hukumomin da su ke cikin haɗari. Duka biyun suna intanet. Amma malamai nawa ne su ke tunawa su duba? In hanyar shiga wuraren nan biyu tana gaban shugaban makaranta duk sa'ad da ya buɗe shafi, daga Yuli zuwa Oktoba, zai san ran da ya kamata a ɗaga rajista da littattafai zuwa bisa kabad, a kuma gargaɗi iyayen yaran da su ke ƙetare ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, kwanan wata. Akawu yana aiki da watan Bature da na Musulunci. Akwai 'yan ƙari masu nuna duka biyu tare da lokutan salla, sai dai a tabbata an sa musu Haɗeja, gama lokacin Ikko ba namu ba ne. A kuma tuna, na'ura da lissafi ta ke aiki. Tsayuwar wata sai abin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar.

Na uku, haruffanmu masu ƙugiya. Sau da yawa muna karɓar takardu daga makarantu an rubuta "kasa" inda a ke nufin "ƙasa", saboda allon rubutun ba shi da harafin. In an jera ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, a wani lungu na shafin, mai rubutu sai ya kwafa ya liƙa.

Na huɗu, wuraren aiki: na JAMB, wadda tun 2015 ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta, da na WAEC da NECO, da na TRCN mai rajistar malamai. Amfanin jera su ya wuce sauƙi. Wanda ya ke shiga ta hanyar da ya riga ya tabbatar da ita ba zai faɗa gidan 'yan damfara masu kwaikwayon sunayen hukumomi ba.

Wurare shida ko takwas sun isa. A guji mai sauko da sabon hoto kowane buɗewa, gama inda intanet ba ƙarfi zai riƙa tsai da aiki.

Wa Ka Ba Mabuɗi?

Yanzu ga gargaɗi. A wata makaranta da muka kai ziyara, ba za mu faɗi sunanta ba, mun tarar da kwamfutar da a ke shigar da makin ɗalibai, in an buɗe sabon shafi sai wani wurin nema da ba wanda ya sani ya fito, da tallar caca a gefe. Muka tambaya, aka ce wani ne ya sa don kyawawan hotuna. Da muka duba, ashe an ba ɗan ƙarin nan iznin karanta da sāke duk abin da ya ke kan kowane shafin intanet da aka buɗe. Watau duk sunan yaro da aka rubuta, da duk kalmar sirri, yana da ikon gani. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba mu kaɗai abin ya ke samu ba. A Fabrairu 2020 Google ya cire 'yan ƙari fiye da 500 daga kantinsa, bayan da wata mai bincike, Jamila Kaya, tare da kamfanin Duo Security suka gano suna kwasar bayanan mutane a ɓoye. Akwai kuma The Great Suspender, wanda mutum wajen miliyan biyu su ke amfani da shi. Na kirki ne tun asali, sai mai shi ya miƙa shi hannun wani a 2020, sabon mai shi ya cusa masa mugun abu, Google ya kashe shi a Fabrairu 2021. Ashe wanda ya ke amintacce bana yana iya sāke hali baɗi.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu da manyan akawuna su riƙe ƙa'idodin nan. Kada a ɗauko ɗan ƙari sai daga kantin burauzar kanta. A karanta iznin da ya ke nema kafin a yarda, gama mai shirya shafi ba ruwansa da karanta sauran shafuka. Kowane zangon karatu a rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a cire duk wanda ba a san wanda ya sa shi ba. Kwamfutar da a ke biyan albashi ko shigar da maki da ita kuwa, a bar ta da saitin burauza kaɗai.

Aiki Ga Malamai

Mafi aminci duka shi ne wanda mutum ya yi da hannunsa. Ɗan ƙarin sabon shafi bai wuce fayil biyu ba, 'yar takardar nan ta izni da shafi guda na HTML. A na ajiye su cikin jaka ɗaya a kwamfuta, a kunna yanayin masu ƙira a shafin 'yan ƙari, a loda jakar. Ba ya neman iznin kome, yana kuma buɗewa ko ba intanet. Ɗaliban koyon malanta a Kwalejin Ilmi ta Gumel, da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, za su iya koyonsa a darasi biyu ko uku, kowa ya tafi da nasa makarantar da aka tura shi.

Akawunan En'e na dā, kafin a sāke tsarin a 1976, da tebur a ke gane gwaninsu: rajista a dama, tawada a gaba, abin da ba na aiki ba yana aljihun tebur. Kayan aiki sun sāke, amma ladabin aiki yana nan. Gobe da safe in kun buɗe kwamfuta, ku dubi zaurenku da kyau, ku tambayi kanku wa ya shirya shi. Allah ya kiyaye mu da sharrin ruwa, ya ba mu damina mai albarka, amin.