Malam Maman Barka: Ba a Rayar da Biram da Katin Waya

Kusan kowane mako, idan muka buɗe layin gaisuwa a gidan rediyo, sai an samu wata Hajiya daga kasuwar Diffa ko wani mai tebur daga Shetimari ya ce a saka masa waƙar marigayi Malam Maman Barka. Mu kuwa sai mu danna na'ura, murya ta fito, kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Amma jama'a, tambayar da ke damun mu ita ce: wannan kaɗai ya isa a ce mun girmama mutumin da ya ɗauki kiɗan tafkin Cadi ya kai shi duniya?

Ga wanda bai san shi ba, an haifi Malam Maman Barka a Tesker, cikin Tubawa makiyaya. Malamin makarantar boko ne, kuma gwanin gurumi mai tsirkiya biyu. Ya yi waƙa da Hausa, da Barbarci, da Tubanci, da harshen Buduma. A shekarar 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya bar Yamai ya nufi bakin tafki wajen wani dattijo mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram. Biram kuwa abin kiɗan masunta Buduma ne, mai tsirkiya biyar, an sassaƙa shi kamar kwalekwale. Malam ya zauna gaban tsohon nan kamar almajiri har hannunsa ya faɗa. A 2008 ya kaɗa biram a bikin WOMAD na ƙasar Ingila tare da makaɗin gangarsa Umaru Adamu, a 2009 kuma faifansa ya shiga kasuwannin Turai. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018.

A lura da abu guda. Da a ce Malam ya je ya ɗauko muryar Bukar Tar a kaset ya dawo ya ajiye, da yanzu biram ya zama labari. Abin da ya cece shi shi ne an samu mai rai ya riƙe shi da hannu, ya kaɗa a gaban mutane.

Wasu al'ummomi sun gane haka tun da daɗewa. A birnin New Orleans na Amurka, inda baƙar fata suka ƙirƙiro kiɗan jaz, an haifi Louis Armstrong a 1901. Shi ne mai busa ƙahon nan da ya zagaya duniya, har ya zo Najeriya a 1960, ya rasu a 1971. Tun daga 2001, kowane watan Agusta mutanen garinsu suna shirya masa biki, makaɗa manya da yara su hau dandamali su busa a gaban jama'a. A Legas ma, bayan rasuwar Fela Kuti a 1997, wanda ya gauraya jaz da kiɗan Afirka, iyalinsa suka fara bikin Felabration a 1998, ana yin sa kowane watan Oktoba. Mu ma nan Nijar ba baƙin abin ba ne: akwai gasar Ɗan Gurmu ta Tawa, akwai kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai.

Me ya sa mutanen jaz suka nace sai a kaɗa ido da ido? Saboda makaɗin jaz ba ya maimaita kiɗa iri ɗaya sau biyu, yana duban mutanen da ke gabansa ne ya ƙago. Haka namu makaɗan suke. Hajiya, ki tuna ranar bikin ƴarki: mai kalangu yana hango ki zai sauya kiɗa, ya kira sunanki da na mahaifinki, ya ambaci tattasan da kike saye buhu-buhu a bakin Komadugu. Katin waya bai san ki ba, bai san kakanki ba.

Gaskiya ne mun sha wuya. Tun harin da aka kai Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babura, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai na wani lokaci. A watan Mayun shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafki, wato ainihin gidan biram. Taron dare ya mutu, makaɗa da yawa suka koma dako da tallar ruwa. Ba mu zargin kowa da ya zaɓi hayar lasifika, domin ita ce mai araha. Sai dai kwanan baya, a wani biki a Shetimari, mun ga wani dattijo da guruminsa zaune gindin bedi tun azahar har la'asar sakaliya, lasifika na ta ruri, babu wanda ya ce masa taso. A duk bukukuwan da muka halarta a ƴan shekarun nan, ba mu ga yaro ko ɗaya riƙe da biram ba.

To ina mafita? Tana hannunku, ƴan kasuwa. Tun zamanin kakanni, bayan fada, kasuwa ce ke riƙe makaɗi. Shawararmu ita ce, a ranar kasuwar da ta fi kusa da 21 ga Nuwamba, a ware yini guda da rana tsaka, tare da izinin hukuma, a yi wa Malam addu'a, sannan a ba masu gurumi, da algaita, da ganga fili su kaɗa. Kowace ƙungiyar adashi ta mata ta cire jika ɗaya, shugabannin ƴan tattasai da na ƴan kifi su ƙara nasu. Kada kuɗin ya ƙare a rumfa da lemo. A raba shi biyu: rabi ga makaɗan, rabi a nemo cikin Buduman da ke zaune a Ngigmi da Diffa wanda ya san sassaƙar biram ko kaɗa shi, a biya shi ya koya wa yara biyu ko uku. Mu kuma masu makirfo, aikinmu shi ne mu kai taron kunnen wanda bai samu zuwa ba. Mai ƙosai da mai fura ma ba za su koma gida da ragowa ba a irin wannan rana.

Malam Maman Barka ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 daga Yamai don kada biram ya bi Bukar Tar kabari. Mu da tafkin ke bayan gidanmu, wane uzuri za mu kawo? Allah ya jiƙan Malam da malaminsa, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.