Kafin ku haɗa gayyar su a bana

Bazara ta kama, ruwan tafkuna ya ja baya, na kuma ji matasa a nan Gwiwa sun fara maganar haɗa gayya a tafi su, wasu ma har dam ɗin Kazaure.

Ni dai shawarata, a fara neman izinin Sarkin Ruwa. Shi ya san inda rami yake. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gaɓa, ko da yana da gora.

Maganar rabo a gama ta tun a gida: kason mai taru, kuɗin mota, sai na sauran jama'a. In aka bari sai an ga tarwaɗa jibge a ƙasa, to rigima ce. A tanadi itacen banda kuma, don karfasa ba ta jure zafin Afrilu.

Amma abin da ya fi damuna, don Allah kada wani ya zuba kifin tafki a tankin kiwonsa. Yakan zo da cutar da ido ba ya gani, ta bi kifin da ka yi wata 4 kana ciyarwa. Ragar da ta shiga tafki ma, a wanke ta da ruwan gishiri, a shanya ta bushe ƙayau kafin ta taɓa ruwan kiwo.