Gigin Tsufa Da Cinikin Tsoffin Kuɗi

Duk dattijon da ya haura shekara 75 a gundumar Dutsen Abba da sauran ƙauyukan ƙasar Zazzau ya yi ciniki da fam da sule. Da yawansu da su suka biya haraji, da su suka biya sadaki, da su suka sayi gishiri da kananzir a kasuwar Tudun Wada. Sai ran 1 ga Janairu, 1973, aka kawo naira da kwabo, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma.

Har gobe akwai gidajen da in an bincika ƙasan adaka za a tarar da gwangwani cike da aninai da taro da sisi. Ajiye su ba laifi ba ne. Inda matsala take shi ne a wayi gari tsoho ya fara sayen irin waɗannan kuɗi, yana ba da kuɗin buhun masara a kan kwabo ɗaya mai huji, in an yi magana ya ce ana yi masa baƙin ciki. Sau da yawa wannan ba son banza ba ne, ba kuma taurin kai ba. Alama ce ta ciwo.

Ciwon da ake kira gigin tsufa

Mutane sun ɗauka duk wanda ya tsufa dole ya gigice. Ba haka ba ne. Ga tsofaffi nan masu shekara 90 da hankalinsu garau, suna raba gardamar iyakar gona. Gigin tsufa ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe mai suna Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, ana kuma kiran ciwon da sunansa. Akwai wani nau'in da ke biyo bayan toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon sukari ke taimaka wa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun wuce miliyan 55 a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe marasa ƙarfi ne da masu matsakaicin hali. A Zariya ma an auna. Wasu likitoci sun duba tsofaffi sama da 300 a cikin jama'a, suka buga sakamakon a 2011. Sun sami kusan mutum uku cikin kowane ɗari suna da ciwon.

Abin da jama'a ba su faye sani ba shi ne, lissafin kuɗi na cikin abubuwan da ke fara lalacewa. Tsoho zai gane 'ya'yansa, ya yi sallarsa daidai, ya gaisa da baƙo lafiya lau, amma ya kasa bambanta naira ɗari biyar da naira dubu biyar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna cewa masu ciwon sukan fara kuskuren biyan bashi tun shekara shida kafin likita ya gano abin da ke damunsu.

Me ya sa sai tsoffin kuɗi?

Ciwon yakan fara share abin da ya faru jiya da shekaranjiya, ya bar na ƙuruciya. Shi ya sa tsoho zai manta ya ci tuwon rana, amma ya faɗi nawa ya sayar da auduga shekarar da aka ba da mulkin kai.

To, a duba kuɗin da ke hannunsa yau. Takardar naira 100 ta fito a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 kuwa sai a 2005. A ƙarshen 2022 kuma aka sake wa manyan takardun nan uku launi. Duk wannan ya zo ne bayan ya manyanta. A wurin mai gigin tsufa takardar dubu baƙuwa ce. Sule kuwa ɗan gida ne. Ya san nauyinsa a tafin hannu, ya san ƙararsa in ya faɗi a ƙasa, ya san abin da yake saye. In aka ce ya ba da takardu goma a ba shi sule ɗaya, a ganinsa ya ba da takarda ne ya karɓi kuɗi na gaske.

Ga kuma wani abin. Mutumin da ya shekara hamsin yana ciyar da gida, yau an ce ya zauna a zaure ya huta. Ba mai neman shawararsa. Sai ga baƙo ya zo ya durƙusa, ya kira shi Alhaji, ya ce akwai wata harka da ba a yi da yara. Wa zai ƙi? Tsohon yana son ya sake kawo wani abu gida da hannunsa, ya bar wa jikoki abin faɗa.

Gaskiyar darajar kuɗin

Abu ba ya tsada don ya tsufa kawai. Sai in ya yi wuyar samu. Kuɗin Turawa kuwa ba su yi wuya ba. Tun 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji da tauraro mai kusurwa shida, har da rubutun Larabci a jiki. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, ta yi ta buga su miliyoyi domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Kuɗin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 1959, taro mai hoton auduga da sule mai hoton kwakwar manja, su ma miliyoyi ne. Mafi yawansu tagulla ne da farin ƙarfe. Ko kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a cikin shekarar, ana samunsa birjik.

Masu ɗan abin kirki su ne na azurfa. Sule da dala da sisi da taro da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1920 azurfa ne. Amma sule ɗaya bai kai giram shida ba, kuma kuɗinsa ba ya nisa da kuɗin azurfar da ke jikinsa.

Sai liyari, babban kuɗin azurfan nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda mata kan rataya a wuya. Nauyinsa giram 28 ne. Mai sayarwa zai nuna shekarar 1780 a jikinsa ya ce ya haura shekara ɗari biyu. Ashe tun bayan rasuwar sarauniyar a 1780, duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, ko da bara aka buga shi. An buga ɗaruruwan miliyoyi, ban da na jabu. Maƙerin farfaru zai iya gwada shi ya auna, ya faɗi kuɗinsa cikin ɗan lokaci. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, don haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba.

Yadda 'yan damfara ke yi

Galibi ba mutum ɗaya ba ne. Na farko yakan zo a matsayin mai saye. Ya ce wani Bature ko wani Balarabe na neman kwabo mai huji na shekara kaza, zai biya miliyan. Ya bar lambar waya, wani lokaci har da ɗan kafin alƙalami. Bayan kwana biyu sai na biyu ya ɓullo da irin kwabon daidai, ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar da araha. Tsoho ya sayar da akuya ko buhun hatsi ya saya. Daga nan lambar mai saye ta daina shiga. In ta shiga kuwa, sai a ce ai sai an haɗa guda bakwai, ko sai an biya kuɗin gwaji.

Wasu kan ce akwai wani sinadari a jikin kuɗin da ake kira jan makuri. Babu irin wannan sinadari. A 2009 wannan ji-ta-ji-ta ta game Saudiyya, har mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da kuɗi masu yawan gaske, don an ce yana cikinsu. A Amurka kuma, a 2020, wata hukumar gwamnatin tarayya da jihohi 30 sun kai wasu dillalan zinariya da azurfa ƙara. An zarge su da karɓar dala miliyan 185 daga hannun mutane wajen 1,600, yawancinsu tsofaffi, ta hanyar sayar musu da kuɗin ƙarfe a kan ninkin farashinsu. In masu cikakken hankali sun faɗa, ina ga mai ciwo?

Ba kullum baƙo ne ke cutar ba. Wani lokaci ɗan unguwa ne, ko ma jika, da ya lura Baba na son sulalla.

Abin da iyali za su yi

Faɗa ba ya magani. In aka yi wa tsoho tsawa a gaban surukai, zai manta dalilin faɗan amma ba zai manta zafin ba. Daga nan sai ya fara ɓoyewa, ya ɗauki ɗansa abokin gaba, ɗan damfara kuma masoyi. Gardama da hujja ma ba ta daɗewa. Ya yarda da safe, da yamma an koma gidan jiya.

Abin da ya fi shi ne a jinkirta cinikin cikin ladabi. Ɗa zai iya cewa, "Baba, wannan kaya ne mai daraja, bari in kai wa maƙeri ya auna tukuna, kada a cuce ka." 'Ya kuma ta ce, "Baba, bari Yaya ya dawo a ƙirga kuɗin a gabansa." Ɗan damfara ba ya son gobe, ba ya kuma son mutum na uku.

Sai a raba tsohon da manyan kuɗi ba tare da an raba shi da girmansa ba. Wannan ne wuri mai wuya, kuma nan ne gidaje da yawa ke rikicewa. In ɗa ɗaya ya riƙe kuɗin shi kaɗai a ɓoye, gobe 'yan uba za su ce ya ci gado tun mai shi na raye. Ya kamata a tara 'ya'ya maza da mata da matan gidan, a kira ƙanen tsohon ko liman ko mai unguwa ya zama shaida. A zaɓi mutum ɗaya mai amana. A sayi littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da kwanan wata, kowa kuma na da ikon dubawa. In tsohon na da sauran fahimta, a yi zaman da shi, a nemi yardarsa da bakinsa. Gara a yi tun da wuri.

Kuɗin amfanin gona lokacin kaka, da kuɗin dabba, da fansho, kada su kwana a ɗakinsa. Katin cirar kuɗi ya koma hannun wanda aka zaɓa, a kuma je banki a tambayi ƙa'idar da ake bi don wani ya kula da asusun a kan doka. A sanar da mai POS na unguwa da mai shago cewa in Baba ya zo da baƙo, a aika gida. Takardun gona da na fili su ma a adana, domin wanda ya ci kuɗin akuya yau, jinginar gona zai nema gobe.

Amma kada a bar aljihunsa fayau. Dattijon da ba zai iya sayen goro ba, ko ya miƙa wa almajiri sadaka, ko ya ba jika na alewa, an karya shi. A riƙa sa masa ƙananan takardu kullum da safe, abin da in ya ɓata ba za a ji ciwo ba.

Gwangwanin tsoffin kuɗinsa kuwa a bar masa. In yana sha'awar ƙari, ɗa ya nemo masa a wajen masu tsoffin kaya a kan farashinsu na gaskiya, ya kawo a matsayin tsaraba. A sa jikoki su zauna su tambaye shi taro nawa ke cikin sule, sule nawa ke cikin fam. Zai faɗa musu huɗu ne da ashirin, har ya ƙara da labarin abin da sisi ke saye a kasuwar Sabon Gari. Sai dai a kula da ƙananan yara masu kai komai baki. Kada kuma a goge kuɗin da toka ko lemon tsami, don masu tara su na gaskiya ba sa son wanda aka goge.

In an riga an yi cutar, a kai magana wurin mai unguwa ko dagaci, in ta fi ƙarfinsu a kai wa 'yan sanda. A shari'ar Musulunci akwai abin da ake kira hajru, wato alƙali ya hana wanda ba ya iya tattalin dukiyarsa yin ciniki da ita, ya naɗa masa waliyyi. Takardar likita na taimakawa ƙwarai a gaban kotu.

Zuwa asibiti

Kada a tsaya cewa sammu ne ko aljanu, balle a jefi tsohuwa da maita don tana sambatu ko ta fita ta ɓace hanya. A fara da asibitin da ke kusa a auna jini da sukari. Daga nan za a iya tura shi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, Kaduna. Wanda ke zaune da tsohon kullum shi ya kamata ya raka shi, ya tafi da duk magungunan da yake sha, ya kuma faɗa wa likita maganar kuɗin ba tare da jin kunya ba.

Ciwon Alzheimer ba shi da maganin warkewa, amma akwai magungunan da ke sauƙaƙa wa wasu na ɗan lokaci, kuma kula da hawan jini na rage ɓarnar ɗaya nau'in. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan daban ne. Yana iya zama zazzaɓi mai zafi, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar sukari, ko shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti a ranar.