Cocin Wusasa da Fasahar Maginan Hausa

In ana maganar gine-ginen gargajiya na ƙasar Hausa, da wuya manazarci ya wuce fada da masallaci da soron attajiri. Amma akwai wani gini a Wusasa, yamma da birnin Zariya, wanda ya cancanci shiga wannan lissafi, watau Cocin St. Bartholomew na ɗariƙar Angalika, mai ɗauke da sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu. An gina shi a 1929 da ƙasa da azara, bisa tsarin ginin Hausa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna yadda aka yi ginin ya zo nan, da kuma matsalar da magina suka warware a cikinsa.

Asalin al'amarin ya faro ne daga 1900, sa'ad da wata tawagar ƙungiyar mishan ta C.M.S., a ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juya suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda Hausawa suka fi sani da Likita Mila. A 1905 ya shiga cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin shan magani. Zaman bai yi daɗi ba, musamman tsakaninsa da Sarki Aliyu ɗan Sidi, su kuma Turawan mulki ba su son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Daga ƙarshe aka daidaita a kan mishan ta fita bayan ganuwa, ta koma gindin dutsen Wusasa a 1929. Likita Mila bai so wannan ƙaura ba. Guy Bullen ne ya jagoranci sabon mazaunin, inda aka kafa coci da makaranta da asibiti.

Ƙaramin gari ne, amma tasirinsa ya fi girmansa. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ɗaliban adabi kuwa sun san John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Likita Mila ya yi wa babban aiki, ita ma daga wannan da'ira ta fito.

To, mu koma ga ginin kansa. Babbar matsalar maginin Hausa ita ce rufi. Katanga ba ta da wuya: a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a yi tubali a shanya, a jera shi ana shafe shi da kwaɓi, gindi da kauri, sama tana tafiya tana sirancewa. Amma azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta iya ƙetare fili da ya wuce kamar ƙafa shida in an ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. Alherinta shi ne gara ba ta cinta da sauƙi. Mu da muka tashi a kudancin ƙasar Sakkwato, wajen Jabo da Tambuwal, mun san ɗakin azara ƙunci gare shi, kuma wannan shi ne dalili.

Dabarar da magina suka ɓullo da ita ita ce baka, ko bakan gizo. Ana kafa gindin azara cikin katanga, kanta ya leƙo waje. A ɗaure wata a kanta da igiya, ta ƙara leƙowa tana karkata. Haka hawa-hawa daga ɓangarorin nan biyu, har su haɗu a tsakiya. Sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Wanda ya gani zai zaci ƙasar ce ke riƙe da rufin, alhali itacen da ke ɓoye a ciki ne ke ɗauke da nauyin. In aka gitta baka biyu ko fiye, a sami ɗaurin guga, wanda ake ɗora tulluwa a kansa. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830.

Sai dai buƙatar coci dabam take da ta masallaci. Masallaci faɗi yake so, domin sahu ya miƙe yana fuskantar alƙibla, kuma ginshiƙai a tsakiya ba su hana mamu bin liman, tun da murya ake bi. Coci kuwa tsawo yake so, jama'a na zaune, idanunsu a kan bagade da mai wa'azi. Ginshiƙi a gaban mutum cikas ne. Abin da aka yi a Wusasa shi ne aka jera bakuna, wannan bayan wancan, suna ƙetare zauren, har ido ya zarce zuwa bagade. Tsarin shimfiɗar na Turai ne, amma ƙashin ginin na Zazzau ne. A ganina, wannan ya fi kwaikwayon cocin Ingila da dutse da kwano hikima, ko don sanyin da katangar ƙasa mai kauri ke riƙewa da bazara.

Darajar ginin ta ƙaru saboda abin da ya sami 'yan'uwansa. An sāke gina babban masallacin Kano da siminti, aka gama a farkon shekarun 1950; na Sarkin Musulmi Bello a Sakkwato ya biyo baya a shekarun 1960; na Zariya kuma aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini a shekarun 1970. Ginin ƙasa yana son kulawa kullum: a share indararo kafin damina, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe da makuba ko laso. Shafen siminti, wanda mutane ke ɗauka magani ne, yakan tsare danshi a cikin katanga ya ci ta daga ciki. Aikin nan kuwa gado ne, ɗa yana koyo a bayan uba a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma masu iya ɗaurin baka sun yi ƙaranci ƙwarai tun da bulo da kwano suka karɓe kasuwa.