Jiyyar Tsofaffin Da Suka Tsira Daga Hannun Hitila

Yaƙin Hitila ya ƙare tun 1945, bayan an hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, amma Jamus ba ta gama biyan bashinsa ba. Ƙidayar 2024 ta nuna saura mutum kamar 245,000 cikin waɗanda suka tsira, kusan rabinsu a Isra'ila.

Ƙungiyar Claims Conference, wadda aka kafa a 1951, ita ke zama da gwamnatin Jamus a yi ciniki. Na 2024 kaɗai an yanka kusan dala miliyan 889 domin jiyya a gida, watau ma'aikaciya ta zo ta yi wa tsoho wanka, ta dafa abinci, ta ba shi magani.

To, me ya hana a tara su gidan tsofaffi? Mai karatu ya tuna, ai an taɓa tara su. Ƙofa a kulle, ko ma'aikaci cikin yunifom, ko ɗakin wanka, sai su mai da tsoho sansanin Auschwitz. In ruɗewar tsufa ta zo kuwa, wani yakan manta harshen ƙasar da yake zaune, ya koma Yidish na ƙuruciya, yana ɓoye burodi ƙarƙashin matashi. Da yawansu ba ɗan'uwa ko ɗaya da ya rage wanda zai gane abin da suke faɗi.