Macen da Alƙalami Ya Zana: Tallar Tufafi a Faransa

Kafin hoto ya mamaye jaridu, masu zane ne ke tallar tufafin mata a ƙasashen Turai. A shekarar 1908 wani babban tela na birnin Paris, Paul Poiret, ya ɗora wa mai zane Paul Iribe aikin zana rigunansa cikin wani ɗan littafi. Macen da ta fito ciki doguwa ce, miƙaƙƙiya, ba ta ɗaura ɗamarar nan mai matse haƙarƙari da matan zamanin suke fama da ita ba. Jaridar Gazette du Bon Ton, wadda aka kafa a 1912, ta bi wannan tafarki, ana kuma shafa launukan zanenta da hannu.

Bayan yaƙin duniya na farko, wanda a cikinsa mata suka riƙe ayyukan maza a masana'antu, sai zanen ya sake kama. Aka rage gashi, aka gajarta riga, aka ɓoye ƙugu, har mace ta yi kama da saurayi.

Ranar 12 ga Fabrairu 1947 kuwa Christian Dior ya dawo da siririn ƙugu da faffaɗar riga mai cin yadi, alhali jama'a ba su gama fita daga ƙuncin yaƙi na biyu ba. Wasu matan Paris suka fusata, har suka yayyaga rigar wata mai nunin tufafin a kan titi. Abokin Dior, René Gruau, shi ya zana tallar turaren Miss Dior: farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, sanye da abin wuyan lu'ulu'u. Babu mace cikin zanen, sai siffar da ake so ta zama.

A nan matsalar take. Tsawon mutum bai cika wuce tsawon kansa sau bakwai da rabi ba, amma masu zanen tufafi sukan kai shi sau tara. Ƴan mata suna auna jikinsu da jikin da ba a taɓa haihuwa ba.

Hoto ya gaji wannan ɗabi'a ta hanyar gyara da kwamfuta. Shi ya sa tun daga 2017 dokar Faransa ta wajabta a rubuta a kan talla cewa an gyara hoton, in an rage ko an ƙara jikin mai nunin.